Tambaya da Amsa: Tsarabar da Na Kawo daga Girka Ta Hana Ni Barci

TAMBAYA

Sunana Issaka, ina zaune a Buokrom, Kumasi. A watan Nuwamba na je hutu ƙasar Girka wurin ɗana da ke aiki a gonar zaitun a tsibirin Kirit. Sanyin can ya kama ni, mura ta kwantar da ni. Maigidan ɗana, wani dattijo mai kirki ƙwarai, ya dafa mini wani abu da zuma da kanumfari, ya nuna mini da hannu cewa magani ne. Na sha, jikina ya yi ɗumi, na yi barci mai daɗi. Ranar da zan taho ya ba ni gorar roba cike da wani ruwa fari tas, ya ce shi ya haɗa da hannunsa, sunansa raki. Na sa a akwati, har ya ɗan zuba a kan jallabiyata da dardumar sallata. Da hunturu ya shigo na haɗa yadda ya koya mini, na sha, na ba uwargida ma. Makon jiya maƙwabcina, wani Kirista mutumin Asante, ya shinshina ya ce ai wannan akpeteshie ne na Turawa, in ba na so in ba shi. Tun ranar ban runtsa ba. Na ji ana cewa wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Ina matsayin sallolina? Yaya zan yi da sauran, in ba maƙwabcin ko in sayar in yi sadaka da kuɗin? Kuma me zan ce wa dattijon, tunda yana ta tambayar ɗana ko na ji daɗin tsarabar?

AMSA

Sannu da hanya, sannu kuma da wannan damuwa. In na fahimce ka daidai, abu uku ne suka tsaya maka a rai: abin da ya riga ya shiga cikinka, abin da ya rage a gora, da mutumin da ya ba ka. Kafin mu shiga bayani, ka kwantar da hankalinka. Wanda ya sha abu yana zaton magani ne, babu laifi a kansa, kuma sallolinka suna nan daram insha Allahu. Rashin barcin nan da kake yi ma shaida ce mai kyau a kan zuciyarka.

Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya. Raki barasa ce, kuma mai ƙarfi. A Kirit suna kiranta raki ko tsikudiya, a sauran sassan Girka kuma akwai 'yar'uwarta da ake kira tsipuro. Abin sa mayen da ke cikinta yakan kai kashi 40 cikin 100, ta haɗin gida kuwa takan wuce haka. Giyar kwalba da ake sayarwa a mashaya ba ta cika wuce kashi 5 ba. Ka ga tazarar.

Ga yadda ake yin ta. Bayan an matse inabi a ƙarshen bazararsu, sai a tara ɓawon da 'ya'yan da suka rage a zuba a manyan ganguna, a bar su makonni su tsimu. Daga Oktoba zuwa Disamba sai a kwashe a zuba a wata ƙatuwar tukunyar tagulla, a rufe ta ruf, a hura wutar itace a ƙasa. Tururin yana bi ta wani bututu da ya ratsa cikin ruwan sanyi, ya huce, ya riƙa ɗiga fari tas a bakin bututun. Gwamnati na ba manoma izinin yin wannan dahuwa na 'yan kwanaki a shekara, su kuwa sun mai da ita biki: dangi da abokai su kewaye tukunyar, ana gasa nama da dankali a garwashin, ana ɗanɗana sabon ɗigo. Kai ka sauka a Nuwamba, tsakiyar wannan lokaci, shi ya sa gorar ta kasance kusa da hannunsa.

Haka ake yin akpeteshie a nan gida, sai dai da bammi ko ruwan rake a maimakon inabi, da ganga a maimakon tagulla. Turawan mulkin mallaka sun haramta dafa ta a shekarun 1930, mutane suka koma yi a ɓoye cikin daji, har gwamnatin Kwame Nkrumah ta halatta ta a 1962. Hancin maƙwabcinka bai yi kuskure ba, aiki ɗaya ne, kayan haɗi ne suka bambanta.

Ina so ka fahimci dattijon nan sosai, don kada zuciyarka ta fara zarginsa. Abin da goro yake a wurinmu, shi raki take a wurin mutumin Kirit. Da ita ake tarar baƙo, da ita ake sasanta rigima, da ita ake rufe cin abinci, har a gidajen sayar da abinci sukan kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta bayan an gama. Haɗin da ya yi maka da zuma da kanumfari ma yana da suna, rakomelo, kuma tun kaka da kakanni suke ɗaukar sa maganin mura da ciwon maƙogwaro. Mutumin ya ga baƙo kwance ba lafiya, ba ku jin yaren juna, ya ɗauko mafi darajar abin da ya sani. Bai yaudare ka ba.

To, mu zo ga abin da ya fi ci maka rai. Ka buɗe Suratul Ahzab aya ta 5, da ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara, za ka ga Allah ya raba tsakanin kuskure da abin da zuciya ta yi da gangan. Hadisi na 39 a Arba'una ta Imam Nawawi, wanda yaran makarantun Zango suke haddacewa, shi ma a kan wannan yake: an yafe wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda ya sha abin maye yana zaton wani abu ne daban, ba zunubi a kansa, ba kuma hukunci. Uwargida ma haka, ita da ta karɓa daga hannun mijinta a matsayin magani. Ka gaya mata cikin natsuwa, kada ka firgita ta.

Maganar kwana arba'in kuwa, hadisi ne da ya zo a littattafan Sunan, kuma ba wasa ba ne. Amma yana magana ne a kan wanda ya san giya ce, ya san haram ce, ya ɗauka ya sha. Ko shi ɗin ma, malamai sun ce ladan sallar ne yake rasawa, ba a ɗauke masa wajabcinta ba, ba a kuma ce ya rama ba, kuma hadisin da kansa ya buɗe masa ƙofar tuba. Na tsaya a nan ne saboda na san akwai samari da ke karanta wannan shafi waɗanda suka taɓa faɗawa, sai Shaiɗan ya raɗa musu cewa tunda ba a karɓa, a bar sallar har kwanakin su cika. Wannan ita ce asarar da ta fi ta farko muni. Duk wanda ya sha, ko da gangan ne, ya tuba, ya yi alwala, ya shiga sahu.

Akwai tambaya guda da kai kaɗai za ka iya amsa wa kanka. A lokacin da abin ya ƙona maka maƙogwaro, kanka ya ɗan yi nauyi, shin zuciyarka ta taɓa raya maka wani abu, ka kawar da kai saboda daɗin barcin? In babu, alhamdu lillahi. In kuwa akwai ɗan wani abu, istigfari tsakaninka da Ubangijinka ya wadatar, ba sai ka je ka tona wa kanka asiri a majalisa ba.

Jallabiya da darduma fa? Mafi yawan malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, suna ganin giya najasa ce. Wasu magabata, irin su Rabi'a malamin Imam Malik da Laisu ɗan Sa'ad na Masar, sun ce haramun ce a sha amma jikinta ba najasa ba ne. Ko a kan maganar mafi yawan, gusar da najasa yana wajaba ne idan mutum ya tuna kuma yana da iko, kamar yadda aka karantar da mu a Ahalari. Wanda ya yi salla da ita bai sani ba, ana so ya sake ne kawai idan lokacin sallar bai fita ba. Naka lokutan sun daɗe da wucewa, ba ramuwa a kanka. Ka wanke wurin da ya taɓa da ruwa mai tsarki, ka goge cikin akwatin, ka ɗauraye kofi da tukunyar da ka yi amfani da su, shi ke nan.

Sauran da ke cikin gora, zubarwa za ka yi. Abin da ya faru da kai ya taɓa faruwa a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihu Muslim, daga Ibn Abbas. Wani mutum ya kawo masa salkar giya kyauta, bai san an haramta ta ba. Da aka sanar da shi, sai ya raɗa wa na kusa da shi wata magana. Annabi ya tambaye shi me ya ce, ya amsa cewa ya umarce shi ne ya je ya sayar. Aka gaya masa cewa sayarwar ma haramun ce kamar shan. Nan take mutumin ya kwance bakin salkar, abin da ke ciki ya tsiyaye. Ka lura, ba a zage shi ba, ba a kunyata shi ba, kuma ba a bar masa hanyar sayarwa ba. Don haka batun sayarwa a yi sadaka da kuɗin bai taso ba.

Wani zai ce maka a mai da ita khal, wato ruwan tsami na girki. Abu Ɗalha ya taɓa tambaya game da giyar da wasu marayu suka gada, ko a mai da ita khal don kada dukiyarsu ta salwanta, aka ce a zubar. Malamai sun yi saɓani a kan wannan babi daga baya, amma saɓanin bai ma shafe ka ba, domin ƙwayoyin halittar da ke juya ruwan inabi ya zama khal ba sa rayuwa a cikin barasa mai ƙarfin raki. Ko ta shekara goma a ajiye, raki za ka tarar. Ba ta kuma cika kai ƙarfin abin wanke hannu na asibiti ba, wanda ake so ya kai kashi 60 zuwa sama, balle a ce a ajiye ta don wannan.

Maƙwabcinka kuma, kada ka ba shi, kada kuma ka ɓata da shi. A addininsa da dokar ƙasa ba a hana shi ba, kuma cikin raha ya roƙa. Amma kai an hana ka ɗauka ka miƙa, domin hadisin da ya ambaci masu hannu a harkar giya ya haɗa da mai ɗaukar ta ya kai wa wani. Ka same shi ka yi masa godiya, don ba don hancinsa ba da har yanzu kana sha. Ka ce masa addininka bai ba ka damar bayarwa ba, kamar yadda bai ba ka damar sha ba. Mutanen Asante sun fi shekara ɗari suna zaune da mutanen Zango, sun san wannan sarai. In ka taho da man zaitun ko zuma daga can, ka ɗiba masa, in babu ka aika masa da tuwo ranar Juma'a. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba ka wannan fili, kuma duk ƙasar nan ta ga Babban Limami Shaikh Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Christ the King a Akra a 2019 don ƙarfafa zaman tare.

Ka zubar yau, kada ka jira gobe. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne gorar kanta: ta roba, irin ta ruwan sha, ba rubutu, ruwan ciki fari tas. A gidan haya irin namu na Zango, inda yara ke shiga ɗaki su fita, yaro ya dawo daga ƙwallo da ƙishi zai ɗaga ta ya kwankwaɗa kafin ɗacin ya tsayar da shi. Ɗan kaɗan na barasa mai ƙarfi yana iya faɗar da sukarin jinin ƙaramin yaro har ya suma. Ka tuttular da ita a masai ko a kwata, ka bi da ruwa, nesa da murhu da risho domin tana kama wuta. Ka huda gorar kafin ka yar, kada mai sayar da sobolo ko lamurje ta tsinta ta zuba kayanta.

Game da lafiyarka, akwai wani sinadari mai guba da ake kira metanol wanda kan samu a barasar da ba a gwada ta ba. Ba a gane shi da ido, ba a gane shi da hanci. Alamunsa sukan bayyana bayan awa 12 zuwa 24, wani lokaci su ɗan jinkirta: ciwon kai mai tsanani, amai, ciwon ciki, numfashi da sauri, gani ya dushe kamar ana kallo ta cikin hazo. Yana makantarwa, yana kisa. A 2015 ya kashe gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya bayan sun sha ogogoro, wato akpeteshien can, a Nuwamban 2024 kuma ya kashe matafiya 6 'yan yawon buɗe ido a garin Vang Vieng na ƙasar Laos. Akasarin irin waɗannan mace-mace suna faruwa ne idan 'yan kasuwa marasa imani sun gauraya sinadarin masana'anta don ƙara riba, abin da ba a tsammani daga manomin da ke sha daga tukunyarsa shi da iyalinsa. Tunda mako ya wuce ba ka ga komai ba, kai da uwargida, ba abin tsoro. Ga masu karatu dai, duk wanda ya ga waɗannan alamu a jikin wani bayan ya sha irin wannan abu, a garzaya da shi asibitin Manhyia ko Komfo Anokye, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Kunya a wannan wuri tana iya cin idon mutum.

Ɗumin da ka ji ba warkewa ba ne. Barasa tana buɗe jijiyoyin jini na fata, jini ya taso sama, mutum ya ji zafi alhali jikinsa zubar da zafin yake yi. Barcin kuma na maye ne. Ɗariƙ ɗan Suwaid ya taɓa gaya wa Annabi cewa shi don magani yake haɗa ta, aka amsa masa cewa cuta ce. Abin da ya sauƙaƙa maka maƙogwaro shi ne ruwan zafin da zumar da kanumfarin, kuma duk suna nan a kasuwar Aboabo. Ka tafasa citta da kanumfari da ɗan kirfa, ka sauke, ka bari ya ɗan huce, ka matsa lemun tsami, ka zuba zuma cokali guda. Uwargida ta fi ni sanin ma'auninsa. A kula dai, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. In tari ya wuce mako biyu, ko da zazzaɓi, a je asibiti.

Saura dattijo. Kada ka aika masa da ƙarya cewa kana ta sha kana jin daɗi, domin in ka yi haka, duk mai zuwa Ghana sai ya ba shi wata gorar ya kawo maka. Ka sa ɗanka ya fassara masa magana kamar haka: ka gode da jinyar da ya yi maka, ba za ka manta ba, sai dai ka gano daga baya cewa raki tana cikin abin da addininka ya hana, don haka ba za ka ƙara sha ba. Ba sai an kai ga ba shi labarin kwata ba, in bai tambaya ba. Zai gane fiye da yadda kake zato. Akasarin Kiristocin Girka 'yan Orthodox ne, suna da dogon azumi kafin Ista da kafin Kirsimeti inda masu riƙo da addini suke barin nama da madara, sun san mutum yakan bar abu don Allah. Kuma Musulmi sun zauna a Kirit ƙarnuka, har zuwa musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya bayan yarjejeniyar 1923. Ginin tsohon masallacinsu yana nan a bakin tashar jiragen ruwa ta Haniya.

Yaba kyauta tukuici. Ka nema masa abin da zai riƙa tunawa da kai: fugu mai kauri ɗinkin Arewa don sanyinsu, ko ƙyallen kente na Bonwire, da man kaɗe ga maiɗakinsa, da cakulan na kokon Ghana. Kada dai ka sa kilishi a ciki, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashen waje, za a ƙwace a filin jirgi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma na ji shi a ƙarƙashin wasiƙarka: shin ɗanka ya sani ya yi shiru? Mai yiwuwa ya sani, kunya ta hana shi kwaɓar maigidansa a gabanka, ko tsoron kada aikinsa ya taɓu. Mai yiwuwa kuma bai ga lokacin da ka sa gorar a kayanka ba. Ka kira shi ku yi magana ta uba da ɗa, ba da tuhuma ba. Ka ba shi labarin yadda abin ya kasance, ka tambaye shi yadda yake yi idan an miƙo masa kofi a gona, inda kowa ke sha kuma ƙin karɓa yana kama da raini. Yaro a baƙon wuri yana bukatar kalmomin da zai ƙi da su cikin ladabi: hannu a ƙirji, godiya, sannan ya nemi shayi ko ruwa. Idan ya yi haka sau biyu sau uku, su da kansu za su riƙa ajiye masa nasa kofin daban. In ka fara da faɗa, zai rufe maka ƙofa, kai kuwa kana Kumasi shi yana tsakiyar teku.

Ga sauran 'yan'uwa masu tafiya, daga Sawaba zuwa Asawase: kada ku karɓi ruwa a gorar da ba rubutu, ko kyauta ce ko saƙo, sai kun san mene ne. Dokar jiragen sama ma ba ta yarda a ɗauki barasa mai ƙarfi a akwati ba sai tana cikin kwalbarta ta kanti, ba fiye da lita 5 ba, wadda ta haura kashi 70 kuwa an hana ɗaukar ta sam. In kwalba tana da rubutu, ku duba lamba mai alamar kashi cikin ɗari tare da haruffan vol, ita ke nuna akwai barasa. A Girka ku kula da uzo, da abin sha na mastiha, da wasu alewoyi da ake sa musu barasa a ciki. Tsarabar halal kuwa ta yi yawa a can: man zaitun, zumar duwatsu, zabibi, busasshen ɓaure, da ganyen shayin dutse da mutanen Kirit suke kira malotira, wanda su ma da shi suke maganin mura.

Malam Issaka, in dattijon ya nace sai ya sake aiko maka da wani abu, ka ce malotira kake so da man zaitun na gonarsa. Ka gaida uwargida, Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare yaron nan a inda yake. In ka yi magana da su biyun, ka rubuto mana yadda kuka ƙare.